Mako Uku da Na Raina

A kowane dangi na ƙasar Rano da Kibiya akwai mutum guda da ake aika yaro ya kira idan takarda ta shigo gida, ta kotu ce, ta banki ce ko ta asibiti. A namu dangin ni ne wannan mutumin, saboda ina koyar da lissafi a makarantar sakandare, kuma ina jin Turanci. Na daɗe a wannan matsayi har na manta cewa iya karanta takardar likita daban, sanin abin da likita ya sani daban. A daminar 2023 mantuwar nan ta sa na yanke wa kawuna shawarar da ba hurumina ba ce, shi kuma ya biya da ƙafarsa da gonarsa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye na ƙasar Kibiya. Masara da dawa yake yi a tudu, shinkafa a 'yar fadamarsa, yana da shanun huɗa biyu. Ƙullutu ne ya fito masa a gaban cinyar dama, can cikin nama. Ba ciwo, ba zafi, don haka ya yi watanni yana harkarsa. Da abin ya fara tokare wando, wasu suka ce a kira wanzami ya kafa ƙaho, wasu suka ce sakiya ce maganinsa, wasu kuma suka ce a je inda za a tsaga a cire a ɗinke a wuce wurin. Allah ya saka wa wani ma'aikacin lafiya na karkara da alheri, shi ya ƙi taɓawa. Ya ce duk ƙullutun da ya wuce santimita 5, wato kamar faɗin yatsu uku, yana zurfi cikin nama, kuma yana ƙara girma, ba a sa masa wuƙa sai an yi hoto an kuma gwada naman. Ya rubuta mana takarda zuwa Kano.

A Kano aka yi hoton MRI, aka soka allura aka ciro ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya ce sakoma ce, wato cutar daji ta nama mai laushi: tsoka, kitse, jijiya da dangoginsu. Ba kasafai ake samunta ba, domin a cikin manya ɗari masu kansa kusan mutum ɗaya ne ke da irinta, kuma cinya ce wurin da ta fi fitowa. Idan za ta bazu, huhu take fara nufa, shi ya sa aka ɗauki hoton ƙirji. Huhu ya fito fes, muka yi hamdala.

Tambayar Kawu ta farko ita ce ko za a yanke ƙafar. Likitan tiyata ya ce a'a. A da can yankewar ake yi, sai a 1982 wani likita a Amurka, Steven Rosenberg, da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka cire ƙarin aka haɗa da gashi, majinyaci yakan rayu daidai da wanda aka yanke wa gaɓa. Gashin nan na'ura ce ke harba wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ya lalata ƙwayoyin cutar. Mutum ba ya jin komai lokacin da ake yi, kuma 'yan mintoci ne. Likitan ya ce gashin za a fara, tiyata ta biyo baya. Dalilinsa shi ne wani gwaji da aka yi a Kanada, aka wallafa a 2002 ƙarƙashin jagorancin Brian O'Sullivan. Waɗanda aka yi wa gashi kafin tiyata, kashi 35 cikin 100 sun sha wahalar warkewar rauni, waɗanda aka yi wa bayan tiyata kuwa kashi 17. Amma masu yin sa bayan tiyata sukan karɓi gashi mafi yawa a fili mafi faɗi, har mako shida ko fiye, kuma daga baya sun fi fama da taurin nama da sandarewar gaɓa da kumburin ƙafa. Rauni yakan warke komai daɗewa, taurin kuwa ya zauna ke nan. Ga wanda ke bin garma, zaɓin bai da wuya.

Wuyar ita ce inda na'urar take. Shekara da shekaru mutanen yankinmu idan an rubuta musu gashi, Shika suke nufa a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. Mutumin Kibiya zai fito Rano, ya bi ta Rurum da Tiga ya faɗa titin Zariya, ko ya shiga Kano ya sake mota. Ba tafiya ce ta je-ka-ka-dawo kullum ba. Dole ya tare a can, shi da mai jinyarsa, su nemi makwanci da abinci. Mu kuwa lokacinmu ya faɗo a farkon watan Yuni, kwanaki kaɗan bayan an sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. Lissafin da muka yi a zauren Kawu ya rushe tun kafin mu hau mota.

A daren da za mu ga likitar gashi na buɗe waya na yi ta karatu. Ko'ina na duba abu ɗaya nake gani: kafin tiyatar sakoma ana ba da gire 50, gire shi ne ma'aunin gashi, a raba shi zama 25, gire 2 kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a, mako biyar cur. Na haddace wannan, na kwanta da jin cewa ba wanda zai cuce mu.

Da safe likitar, mace mai natsuwa, ta duba hotunan, ta juyo ga Kawu ta yi masa magana da Hausa.

"Baba, hanya biyu ce. Akwai wadda aka saba, zama ashirin da biyar, mako biyar. Akwai kuma ta zama goma sha biyar, mako uku, kowace rana a ƙara ƙarfin gashin kaɗan. Yadda naka yake, da inda ya zauna, zan iya yi maka ta biyun. Kai manomi ne ko? Wa ka bari a gona?"

Kafin Kawu ya buɗe baki na tari numfashinsa. Na tambaye ta da Turanci jimillar gire nawa ke nan. Ta ce 42.75. Nan take zuciyata ta rufe. Arba'in da biyu da ɗoriya bai kai hamsin ba, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Sai wani tsohon zargi da nake ɗauke da shi ya taso, cewa idan aka ga mutumin ƙauye da silifa, ragowa ake ba shi, a sallame shi da wuri don a ba wani layinsa. Na ce mata mu cikakke muke so, irin wanda ake yi wa kowa a duniya.

Ta ce, "Malam, ba rage masa magani zan yi ba. Bari in yi maka bayani."

Na ce na riga na karanta. Ta sake juyawa ga Kawu.

"Baba, za ka iya zaman mako biyar ba fashi? Don in an fara, ba a so a tsaya."

Kawu ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Likita, abin da Malam ya ce shi ne nawa. Shi ya san boko."

Da muka fito na ce masa, "Kawu, ku kwantar da hankalinku, na hana su yi muku rabi." Ya sa mini albarka. Wannan albarkar tana cikin abubuwan da suka fi yi mini nauyi idan na tuna.

Laifina a ɗakin nan bai tsaya ga rashin sani ba. Rashin sani kowa na da shi, kuma ga mai sanin a zaune tana roƙon in saurare ta. Na mai da zancen Turanci, na fitar da mai ciwon daga maganar jikinsa. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wa ka bari a gona, an yi ta da Hausa, ga mai amsar a zaune, ni na hana a amsa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wannan karon ba wuyan mai shi ya shaƙe ba.

Aka fara gashi. Na koma Rano bakin aiki, na bar shi da babban ɗansa, wanda shi ne kuma ƙarfin gonar. Kuɗin asibiti, kuɗin ɗaki, abincin saye safe da rana da dare, duk suka taru. Babbar Sallah ta faɗo a ƙarshen watan Yuni, dabbobi na da daraja, sai aka sayar da bijimi ɗaya, alhali sa ɗaya ba ya huɗa. Ruwa ya zauna sosai. Saƙo ya riƙa zuwa daga gida cewa ciyawa ta fi ƙarfin yara, masara ta isa taki ba mai sa mata, 'yan ƙwadago kuma sun tsauwala kuɗi. Wanda bai taɓa rayuwa da abin da ya noma ba zai ga kamar wannan ƙaramin abu ne a gaban cutar daji. Ga magidanci mai baki goma sha wani abu a gida, damina ɗaya ita ce tuwon shekara. Ranar Juma'ar mako na uku, bayan an gama masa na ranar, Kawu ya naɗe tabarmarsa ya hau mota. Ya ce mako guda zai yi ya dawo.

A waya na ji labari, kuma a tsaye na yi lissafin. Zama 15, gire 2 kowanne, 30 ke nan. Bai kai 50 na doguwar hanya ba, bai kai ƙarfin gajeriyar ba. Da na bar likitar ta yi abin da ta ce, a wannan ranar ce daidai zai kammala gashinsa. Kuma abin da ban tsaya na ji ba shi ne, bayan gashi akan jira mako huɗu zuwa takwas kafin tiyata, don fata da nama su huce, wannan jiran kuwa a gida ake yin sa. Da ya zauna a gindin bishiya yana kallon ana yi masa maimai da ban ƙasa, a yi masa aiki wajen watan Agusta.

Na je ƙauye na roƙe shi ya koma. Ya ce sai an sa taki. Da aka sa taki, ya ce sai an samu kuɗi. Ƙullutun ya ɗan yi laushi, jan da fatar ta yi ya washe, kowa ya ce ai sauƙi ya samu. Mako guda ya zama kaka. Da aka kai amfani gida muka koma, sabon hoto ya nuna ƙarin ya fi da girma. Likitoci suka bayyana mana cewa idan aka katse gashi, ƙwayoyin da suka tsira sukan ci gaba da hayayyafa, naman lafiya kuma ba ya manta abin da ya riga ya sha, don haka ba a ɗorawa daga inda aka tsaya kamar ba abin da ya faru. Aka yi tiyata mai faɗi, aka cire kaso mai yawa na tsokar da ke miƙar da gwiwa, aka yanko fata daga ɗaya cinyar aka rufe wurin. Raunin ya daɗe yana ruwa. Ƙafar tana nan, alhamdu lillahi, amma sai da sanda, garma kuwa sai dai ya kalla.

A zaman jinyar nan ne na koma na karanta abin da ya kamata in saurara tun farko. Gashi ba a auna shi da jimilla kaɗai. Girman abin da aka bayar a zama ɗaya yana canza aikinsa, kuma yawancin nau'o'in sakoma suna jin babban kaso fiye da yadda adadinsa ke nunawa. Masu fasa dutse a duwatsun Rano sun san wannan: bugu goma sha biyar da babbar guduma yakan yi abin da ashirin da biyar da ƙarama zai yi, sai dai dole a iya saiti, don babbar guduma in ta kauce ɓarnarta ta fi yawa. Gire 2.85 sau 15 an tsara shi ne don ya yi daidai da aikin gire 2 sau 25. Ni na kwatanta lambobi biyu da ba a ma'auni ɗaya suke ba, kuskuren da nake ja wa ɗalibai kunne a kansa.

Zargin da na yi cewa magani ne na talaka shi ma ba shi da tushe. Wannan tsari na mako uku ya fito ne daga cibiyar MD Anderson da ke Tekzas a Amurka, ɗaya daga cikin manyan asibitocin kansa na duniya. Sun gwada shi a kan mutum 120, suka wallafa a 2022, kuma kashi 31 cikin 100 ne suka samu babbar matsalar rauni, wato bai wuce abin da aka sani a tsarin mako biyar ba. Kafin su, a birnin Warso na ƙasar Folan an yi wa mutum 272 gire 5 kullum na kwana biyar, aka yi musu tiyata cikin 'yan kwanaki, aka wallafa a 2014. A can kusan ɗaya cikin biyar ciwon ya dawo a wurin, abin da ya sa wasu suka ga jimillar 25 ta yi kaɗan. Sai jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis ta ɗaga shi zuwa gire 30 cikin zama biyar ga mutum 52, sakamakon 2020 ya nuna matsalar rauni kashi 32. Wani abu a rahoton nasu ya tsaya mini a rai: da suka gajarta kwanakin, masu zuwa karɓar gashin sun ninka uku, kuma daga wurare masu nisa fiye da da. Ashe ko a Amurka nisa da yawan kwanaki suna raba mutane da magani, balle a Kibiya.

Gajarta gashi ma ba a kan sakoma aka fara ba. A kansar mama, Birtaniya ta daɗe da komawa zama 15 maimakon 25, kuma a 2020 wani babban gwaji nasu ya nuna zama biyar ma yana yi ga mata da yawa. A kansar dubura, gire 5 na kwana biyar kafin tiyata sananne ne tun gwajin da Suwidin ta wallafa a 1997.

Gaskiya ta wajaba a ɗaya ɓangaren. Gwaje-gwajen gajeren gashin sakoma da na ambata ba su raba marasa lafiya gida biyu ta ƙuri'a ba, kowannensu rukuni ɗaya ne aka bi aka kwatanta da sakamakon baya. Irin mai ƙuri'ar an fara shi a wurare kamar Holan. Mako biyar shi ne tsarin da ya fi daɗewa da hujja, kuma akwai wanda shi ya dace da shi, gwargwadon nau'in ƙarin da inda ya zauna da abin da ke kusa da shi. Kada wani ɗan boko ya karanta wannan ya shiga ɗakin likita yana cewa dole sai mako uku, don ya maimaita abin da na yi ke nan ta ɗaya fuskar. Likitar ta ga hoton, ta ga nau'in, ta ga mutumin, ta kuma lissafa da abin da ni ban sa a lissafi ba: tsarin da majinyaci zai iya kaiwa ƙarshensa.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda ke bayanmu a layi, wanda a lokacin ko a jikina. Na'urorin gashi a Najeriya 'yan kaɗan ne ga mutum fiye da miliyan 200, jiran layi kuwa yakan ci makonni. Gurbin da mutum uku za su cinye a zama 25, wato 75, zai ishi mutum biyar a zama 15. Abin da na ɗauka wayo ne na a kore mu da wuri, hanya ce ta a kai ga ƙarin mutum biyu ba tare da an tauye kowa ba. A 2025 an buɗe sabuwar cibiyar kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tare da wasu a Inugu da Benin, abin farin ciki ne. Amma ko na'ura ta zo ƙofar gari, manomi na da damina, ɗan kasuwa na da rumfa, uwa na da goyo, kuma duk kwanan da aka iya ragewa ba tare da an rage magani ba, riba ce a gare su.

Bayan Kawu ya fara takawa na same shi a zaure, 'ya'yansa na nan, na faɗa masa komai ba ragi: cewa likita ta ba shi hanyar da za ta ƙare a ranar da ya tafi, ni na toshe ta, kuma na toshe ta ne da yaren da ba ya ji. Na ce, "Kawu, ku yafe mini." Ya yi shiru, sannan ya ce abin da Allah ya rubuta ba makawa, shi ma da ƙafarsa ya hau mota ba wanda ya kore shi. Amma ya ƙara da cewa, "Malam, da ka bar ni na amsa mata, da na ce mako uku. Na san ruwa ya kusa zama." Ya ce ya yafe duniya da lahira.

Yanzu duk bayan 'yan watanni muna shiga Kano a ɗauki hoton ƙirji a duba cinyar, domin shekarun farko bayan tiyata su ne aka fi tsoron dawowar ciwon. Zuwa yau huhu lafiya lau. A ɗakin likita Hausa ake yi, shi ke tambaya, shi ke amsawa, nawa riƙe fayil da rubuta ranar dawowa. Fadamar shinkafar an ba da ita jingina lokacin tiyata, ba a kai ga fanso ta ba. Na ɗauki rabin kuɗin fansar a wuyana a gaban 'ya'yansa, ina cirewa daga albashi kowane wata, muna fatan ta dawo hannu kafin shuka mai zuwa.